Yadda Ake Canza Gilashin Agogon Hannu a Gida

Hausawa suna yi wa agogo kirari da cewa, "Agogo sarkin aiki." Dalili kuwa shi ne ba ya hutawa dare da rana. Kana barci yana tafiya, kana farke yana tafiya. To, amma wannan sarki yana da manyan abokan gaba guda biyu, wato ƙura da ruwa. Abin da ke tsare shi daga gare su ta gaba shi ne ɗan gilashin nan da ke rufe da fuskarsa. Idan gilashin ya tsage, ko da tsagar ba ta fi silin gashi ba, to ƙofa ta buɗe wa abokan gaba.

Lokacin da na gama makarantar sakandare, kawuna ya ba ni kyautar agogon hannu. Wata rana agogon ya bugi ƙofar mota, gilashinsa ya ɗan tsage a gefe. Na duba na ga yana tafiya, sai na ƙyale shi. Da damina ta sauka, wata safiya na ga hazo ya rufe cikin gilashin. Bayan 'yan makonni agogon ya tsaya cik. Na kai wa mai gyara, ya buɗe, ya nuna mini tsatsa ta cinye kayan ciki. Ya ce, "Malam, da ka kawo shi tun ranar da ya tsage, da gilashi kawai zan canza maka." Haka na rasa kyautar kawuna saboda sakaci.

A wannan darasi za ka koyi yadda ake cire tsohon gilashin agogo a sa sabo. Aikin ba ya bukatar ƙarfi. Abubuwa uku yake bukata: awo daidai, tsabta, da haƙuri. Za ka kuma koyi lokacin da ya kamata ka ajiye kayan aiki ka nufi wurin mai gyara.

Ire-iren gilashin agogo

Kafin ka taɓa agogo, sai ka san irin gilashin da ke kansa. Iri uku ne suka fi yawa.

Na farko shi ne na roba. Wannan ba gilashi ba ne na ainihi, roba ce mai ƙarfi wadda ake ganin abu garau ta cikinta. An fi samunsa a tsofaffin agogo da kuma masu araha, kuma sau da yawa yana da ɗan tudu kamar bayan ƙwarya. Yana saurin karcewa, amma ba ya tarwatsewa idan ya bugu, sai dai ya tsage. Agogon Omega da Buzz Aldrin, ɗan sama-jannatin Amurka, ya ɗaura lokacin da ya taka duniyar wata a shekarar 1969, irin wannan gilashi ne a kansa. A cikin kumbo, inda abubuwa ke yawo a iska, ɓarɓashin gilashi haɗari ne babba.

Na biyu shi ne gilashi na ainihi, wanda aka ƙara wa tauri a masana'anta. Shi ne a kan yawancin agogon batir da ake sayarwa a kasuwanninmu. Ya fi na roba jure karce, amma idan ya bugu da ƙarfi yakan fashe.

Na uku shi ne safaya. Safaya dutse ne mai daraja, dangin yaƙutu, kuma ana haƙo shi a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba. Sai dai wanda ake sa wa agogo a masana'anta ake yinsa. Wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Auguste Verneuil shi ne ya bayyana hanyar yin irin wannan dutse a shekarar 1902. Safaya yana da tsada, don haka a agogo masu tsada ake samunsa.

Me ya sa wani gilashi yake karcewa, wani ba ya yi? A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai bisa taurinsu, daga mataki na 1 zuwa na 10. Abin da ke mataki na sama yana iya karce na ƙasa da shi. Daimon ne a mataki na 10, safaya a na 9. Gilashi na ainihi yana tsakanin na 5 da na 6, roba kuwa tana ƙasa da haka. Yawancin ƙwayoyin yashi suna mataki na 7. Ka ga ke nan yashi ya fi gilashi tauri. Shi ya sa idan ka goge agogo mai ƙura da busasshen ƙyalle, ƙwayoyin yashin da ke cikin ƙurar sukan bar masa zane.

Yaya za ka gane irin wanda ke kan agogonka? Ƙwanƙwasa shi da farce. Roba takan yi ƙara maras amo, gilashi kuwa yakan yi ƙara mai kaifi. Sannan ka ɗora shi a kumatunka. Gilashi yana da sanyi, roba ba ta da shi. Idan safaya ne, sau da yawa akan rubuta sunansa da Turanci a murfin baya ko a fuskar agogon.

Tsaya ka yi tunani tukuna

Ba kowane lahani ne ke bukatar sabon gilashi ba. Idan na roba ne kuma karcen bai yi zurfi ba, ɗiga ɗan man goge baki a kan ƙyalle mai laushi, ka yi ta gogawa a zagaye na 'yan mintoci. Yawancin zanen zai ɓace. Wannan dabara ba ta aiki a kan gilashi na ainihi ko safaya.

Idan kuwa gilashin ya fashe, abu na farko shi ne ka tsayar da allurai. A gefen agogo akwai ɗan ƙarfen da ake murzawa a saita lokaci, wanda za mu riƙa kira abin saiti. Ja shi waje har ƙarshe. A agogon batir wannan yakan tsayar da allurai, don kada su ja ɓarɓashin gilashi su karce fuskar agogon ko su lanƙwashe.

Akwai agogon da bai kamata ka buɗe a gida ba. Kada ka koyi aiki a kan agogo mai tsada, ko wanda ka gada, ko na wani. Kada ka buɗe agogon da aka yi don shiga ruwa mai zurfi. Haka kuma ka guji buɗe tsohon agogo mai lambobi masu haske da dare, wanda aka ƙera kafin shekarar 1970. Wasu daga cikinsu an shafa musu fenti mai sinadarin radiyom, kuma ƙurarsa tana cutarwa idan aka shaƙa. Hausawa sun ce, "Garin neman gira a rasa ido." Fara da tsohon agogo mai araha, wanda ko ya lalace ba za ka yi baƙin ciki ba.

Kayan aiki

Tanadi waɗannan kaya kafin ka fara: tebur mai tsabta a wuri mai haske, farin ƙyalle maras gashi, 'yar wuƙa mai siririn baki wadda ba ta da kaifi sosai, ƙaramin sukudireba, matsefata, tsinken sakace, kofin gilashi mai tsabta, ɗan faranti na zuba ƙananan kaya, da tabarau don kare ido.

Akwai kuma kaya biyu na musamman. Ɗaya shi ne ma'auni mai baki biyu, wanda ke kama abu a tsakaninsa ya nuna faɗinsa har zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ɗayan kuma na'urar matse gilashi ce. Tana da hannu da ake dannawa, da ƙananan kofunan roba masu girma daban-daban, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Idan ba ka da su, za ka iya ara, ko ka yi sauran aikin a gida ka kai wa mai gyara ya auna ya matse maka.

Rufe taga, ka kashe fanka, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke yawo. Wanke hannu ka busar da shi sosai. Kada ka yi aikin a inda ƙananan yara suke wasa, domin batirin agogo ƙarami ne, kuma idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro.

Mataki na ɗaya: buɗe murfin baya

Za mu fara da agogon batir mai shimfiɗaɗɗen gilashi, domin shi ya fi yawa. Irin wannan gilashi daga ciki ake turo shi waje, saboda haka dole a fara fitar da injin agogon.

Cire maɗaurin agogon don ka sami sarari. Kife agogon a kan ƙyalle, ka dubi murfin baya. Murfi iri uku ne. Wani yana da ƙananan sukurori huɗu, sai ka kwance su ka zuba a faranti. Wani yana da ɗan leɓe a gefe, sai ka sa bakin wuƙa a ƙarƙashin leɓen ka ɗaga a hankali har ya yi ƙara ya buɗe. Kada ka sa yatsanka a gaban wuƙar. Wani kuma yana da 'yan ramuka a kewayensa. Wannan murɗawa ake yi, kuma yana bukatar mabuɗi na musamman. A ƙarƙashin murfin akwai siririn zoben roba mai hana ruwa shiga. Ajiye shi da kyau.

Mataki na biyu: fitar da inji

Abin saiti yana haɗe da wani siririn tsinken ƙarfe da ya shiga cikin injin. Muddin tsinken yana ciki, injin ba zai fito ba. Duba kusa da inda ya shiga, za ka ga ɗan maɓalli ƙarami, wani lokaci da alamar kibiya a gefensa. A wasu agogon sai ka ɗan ja abin saiti waje kafin maɓallin ya bayyana. Danna shi a hankali da bakin matsefata, sannan ka zare abin saiti tare da tsinkensa. Idan ya ƙi fitowa, kada ka ja da ƙarfi. Sake duba maɓallin.

Yanzu cire farar robar da ke kewaye da injin, idan akwai ta, ka lura da yadda take zaune. Ɗaukar hoto da waya kafin ka cire kowane abu zai taimake ka wajen mayarwa. Juya agogon a hankali, injin zai faɗo a kan ƙyalle tare da fuskarsa da allurai. Kama shi ta gefe kawai. Kada ka taɓa fuskar, domin shatin yatsa ba ya fita da sauƙi. Kada ka taɓa allurai, domin lanƙwashewa suke yi. Kada kuma ƙarfe ya taɓa jar wayar da ke naɗe a jikin injin, domin ta fi gashi siranta, kuma idan ta tsinke agogon ya mutu. Ajiye injin fuskarsa tana kallon sama, ka kifa kofin gilashi a kansa don kada ƙura ta hau.

Mataki na uku: cire tsohon gilashi

Sa tabarau. Abin da ya rage a hannunka yanzu shi ne gidan agogon da gilashinsa. Zaɓi kofin roba mai rami wanda ya fi gilashin faɗi, ka sa shi a ƙasan na'urar, ka kife gidan agogon a kansa. A sama kuma ka sa kofin da bai kai gilashin faɗi ba, yadda zai shiga ta ciki. Danna hannun na'urar sannu a hankali, gilashin zai faɗa cikin kofin ƙasa. Idan babu na'ura, ninka ƙyalle mai kauri ka rufe gilashin ta ciki, ka tura da manyan yatsunka biyu.

A inda gilashin ya fita za ka ga wani farin zobe siriri na roba mai tauri. Shi ne ke riƙe gilashin, shi ne kuma ke hana ruwa shiga ta gaba. Idan ya tsinke ko ya murɗe, sai an sa sabo. Share gurbin da tsinken sakace har sai babu datti ko ɓarɓashin gilashi ko ɗaya. Tattara ɓarɓashin a takarda, ka naɗe, ka zubar.

Mataki na huɗu: awo

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ana sayar da gilashin agogo bisa faɗi da kauri, kuma da milimita ake lissafi. Rula ba ta isa wannan aiki ba. Idan gurbin agogonka na milimita 30 ne, gilashi mai milimita 30.5 ba zai shiga ba, mai 29.5 kuma faɗowa zai yi. Ko bambancin milimita 0.1 yana iya ɓata aikin.

Auna faɗin tsohon gilashin a wuri biyu ko uku, sannan ka auna kaurinsa, ka rubuta a takarda. Idan ya farfashe, auna faɗin gurbin alhali farin zoben yana ciki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tafi da gidan agogon da tsohon gilashin wurin mai sayar da kayan gyaran agogo, a auna a gabanka.

Mataki na biyar: sa sabon gilashi

Zaunar da farin zoben a gurbinsa, ka tabbata ya kwanta daidai ta kowane gefe. Goge sabon gilashin ciki da waje. Ɗora gidan agogon a kan kofin ƙasa, wannan karon yana kallon sama. Aza gilashin a kan zoben, ka duba ta gefe ka ga bai karkata ba. A sama sa kofin da ya kusa kai gilashin faɗi.

Danna kaɗan, ka saki. Juya gidan agogon kaɗan, ka sake dannawa. Yi haka sau uku ko huɗu har gilashin ya zauna. Ni kaina na taɓa fasa sabon gilashi a wannan mataki, domin na ga ya ɗan karkata amma na ci gaba da dannawa, ina zaton ƙarfi zai daidaita shi. Idan ka ga ya karkata, turo shi waje ka sake farawa. Sauri ya haifi nawa. Kada ka kuskura ka buga gilashi da guduma ko ka matse shi da filaya.

Mataki na shida: mayar da kaya

Ɗaga gidan agogon sama wajen haske, ka duba cikin gilashin. Ƙwayar ƙura ɗaya da ka bari a ciki za ka riƙa ganinta kullum. Share ta da ƙyalle mai tsabta. Kada ka hura da baki, domin numfashi yana da danshi.

Mayar da injin yadda ramin tsinken zai yi daidai da ramin da ke gefen gidan. Mayar da farar robar. Tura tsinken a hankali kana ɗan murza shi, har ka ji ya kama. Juya allurai su zagaya sau ɗaya, ka ga ba sa taɓa gilashin. Sannan ka mayar da zoben roba, ka rufe murfin baya, ka saita lokaci, ka sa maɗauri.

Gilashin roba da gilashi mai gam

Gilashin roba mai tudu sau da yawa ba ya bukatar a buɗe bayan agogo. Akwai wani ƙarfe mai farata da yawa a zagaye, wanda ke kama gefen robar ya matse ta har ta ɗan tsuke, sai a ɗaga ta waje. Da shi ake sa sabuwa: a matse ta, a zaunar a gurbi, a saki faratan, sai ta buɗe ta kama gurbin da kanta. Shi ya sa sabuwar takan ɗara gurbin faɗi da kimanin milimita 0.1 ko 0.2.

Wasu gilasan kuma, musamman masu kusurwa huɗu, da gam ake manna su. Sai an kankare tsohon gam tas, sannan a shafa sabo kaɗan da bakin tsinke. Gam na musamman ake amfani da shi, wani irinsa ma hasken rana ne ke busar da shi. Kada ka sa gam mai saurin kamawa da ake manna takalmi ko fasasshen kofi da shi, domin tururinsa yana barin farin tabo a cikin gilashi.

Bayan an gama

Agogon da aka buɗe a gida ba a da tabbacin zai hana ruwa shiga kamar da, sai an gwada shi da na'ura. Ko sabon agogo da aka rubuta masa mita 30 a baya, yayyafi da fantsamar ruwa kawai yake jurewa, ba na iyo ba ne. Saboda haka cire agogonka kafin wanka ko wanki. Idan ka ga hazo a cikin gilashin washegari, to akwai inda bai zauna daidai ba. Kai shi wurin mai gyara a ranar, kada ka jira kamar yadda na jira.

Ma'anar wasu kalmomi

Kirari: kalmomin yabo da ake yi wa mutum ko wani abu.
Sakaci: rashin kula da abin da ya kamata a kula da shi.
Tsatsa: jan dattin da ke fitowa a jikin ƙarfe idan ya jiƙe.
Karce: zanen da abu mai kaifi ko tauri ya bari a jikin wani abu.
Ɓarɓashi: ƙananan gutsattsarin abin da ya fashe.
Matsefata: ɗan ƙarfe mai baki biyu da ake cire ƙaya da shi.
Gurbi: wurin da abu yake zama daidai da girmansa.
Danshi: ɗan jiƙon da bai kai ruwa ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne manyan abokan gaban agogo?
2. Kawo ire-iren gilashin agogo guda uku, ka faɗi halin kowanne.
3. Me ya sa yashi yake karce gilashi amma ba ya karce safaya?
4. Mene ne abu na farko da za ka yi idan gilashin agogo ya fashe?
5. Don me ake kifa kofi a kan injin agogo bayan an fitar da shi?
6. Bayyana ma'anar karin maganar nan: "Garin neman gira a rasa ido." Yaya ta dace da wannan darasi?

Aiki

Ziyarci mai gyaran agogo a kasuwar garinku. Ka nemi izininsa ka kalli yadda yake aiki. Rubuta jimloli goma da Hausa a kan abin da ka gani, kana amfani da kalmomin nan: da farko, sannan, bayan haka, daga ƙarshe.